Bayan Buguwar Kai: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba Idan Ƙunci Ya Sauka

Babur ya kayar da kai, ko adaidaita sahu ta kife da ku, ko ka zamo daga kan tsani a wurin gini, ko an sauke maka hannu a ka a filin dambe. Ka ga taurari. Wataƙila ka suma na ɗan lokaci, wataƙila ko suman ma ba ka yi ba. An kai ka asibiti, an ɗinke inda ya fashe, an ɗauki hoton kai, likita ya ce babu jini a ciki, babu karaya. 'Yan dubiya sun cika gida, kowa na cewa an tsallake rijiya da baya, Allah ya kiyaye gaba. Bayan sati uku ƙujewar ta bushe, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa. Sai ka wayi gari ba ka son kowa ya yi maka magana. Kukan ɗanka na shiga maka kai kamar ƙusa. Abinci ba ɗanɗano, barci ba ya zuwa sai goshin Asuba, hawaye na taruwa ba ka san dalili ba. Wanda ya gan ka ya ce, ai jiki ya yi kyau.

Jikin bai yi kyau ba. Ƙwaƙwalwa abu ce mai laushi da ke zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu, ko ya fizgu da ƙarfi, takan girgiza, ƙananan jijiyoyinta su miƙe, sinadaran da suke aika saƙo da su su hargitse. Hoton asibiti na neman jini ne da karaya, ba ya ganin wannan hargitsi. Yawancin mutane sukan warware cikin sati biyu zuwa huɗu. Wasu kuma abin yakan zarce, ya taho da ciwon damuwa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2019, wanda ya bi mutum sama da dubu da suka samu irin wannan buguwa, ya gano cewa bayan wata shida kusan ɗaya cikin biyar na fama da ciwon damuwa mai tsanani ko firgitar da ke biyo bayan haɗari. A cikin waɗanda suka ji rauni a wasu gaɓoɓi ban da kai, kusan ɗaya ne cikin takwas. Ƙuncin nan wani ɓangare ne na raunin, kuma jinya yake buƙata kamar yadda karaya take buƙatar ɗori. Ga ƙa'idojin jinyar, ba kuma na shawara ba ne.

Abin da ba ya jiran gobe

Kada ka kira kowane sauyi da sunan damuwa. Idan ciwon kai na ƙaruwa maimakon raguwa, ko ana amai a kai a kai, ko wani ɓarin jiki ya saki, ko magana ta sarƙe, ko farfaɗiya ta zo, ko barci ya yi nauyin da ba a iya tashin mutum, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko ruwa na fita ta hanci ko kunne, a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. A ƙara sa ido a kan tsofaffi. Dattijo kan faɗi a bayi, ya miƙe kamar ba komai, bayan sati huɗu ko shida ya koma shiru-shiru, ga mantuwa, ga tangaɗi. A gida sai a ce tsufa ne ko tunani. Sau da dama jini ne ke taruwa a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da rufinta, kuma tiyata na fitar da shi, mutum ya dawo hayyacinsa.

Gare ka, mai ciwo

Ka ƙirga kwanaki. Baƙin ciki na 'yan kwanaki bayan haɗari ba abin mamaki ba ne. Wanda ya ga mutuwa ido da ido dole jikinsa ya yi sanyi. Amma idan ƙuncin ya kai sati biyu yana wuni da kai kusan kullum, ko abubuwan da a da suke faranta maka rai duk sun fita daga ranka, to ya wuce a ce a bar shi zai wuce. Ka koma asibiti.

Ka faɗa wa likita gaskiya da bakinka. A nan mutanenmu suke faɗuwa. Mutum zai bi layi tun sassafe, ya shiga ya ce ciwon kai ne da jiri, a rubuta masa magani ya fito, bai ce uffan ba a kan cewa ya yi sati uku yana kuka a ɓoye. Likitan da ke ganin mutum hamsin a wuni ba zai tono abin da ka binne ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ka rubuta a takarda kafin ka bar gida, tunda mantuwa na cikin ciwon: ranar da ka bugu, yadda barci yake, yadda fushi yake, abin da kake sha, da ko ka taɓa irin wannan damuwa kafin haɗarin, domin wanda ya taɓa ta ya fi saurin komawa cikinta. Ka ce masa kai tsaye: likita, tun da na bugu raina ba ya min daɗi. Idan ya tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa, ka je. Akwai su a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau, akwai sashensu a babban asibitin Yamai. Na san nauyin da sunayen nan suke da shi a kunnen Bahaushe. Na san tsoron a ce an ga wane a Dawanau. Mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida da yamma, kuma wanda zai yi maka gorin ba shi ke kwana da idonka biyu ba.

Ka nemi a duba abin da ke hura wutar. Ciwon kai na kullum, ciwon wuya, da ido da ke gajiya da karatu duk suna cinye haƙuri, kuma duk suna da magani. Jirin da ke kwasar ka idan ka juya a kan gado ko ka ɗago daga sujada sau da yawa daga cikin kunne yake: wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi ne bugun ya gusar daga mazauninsu, kuma likita ko mai gashin ƙashi na asibiti kan mayar da su ta hanyar jujjuya kai cikin 'yan mintuna. Kafin a gyara, ka yi sallarka a zaune idan tsayuwa da sunkuyo na kayar da kai; addini ya ba ka wannan sauƙi, kada ka ƙi karɓa. Idan kasala ta ƙi tafiya wata da watanni, ka tambaya ko za a gwada jini. Ƙarancin jini na kawo ta, haka nan bugun kai kan taɓa wata 'yar tsoka mai girman ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa, wadda ke sarrafa sinadaran jiki da dama.

Kada ka mayar da ɗaki mai duhu mazauninka. Wannan ita ce dokar da aka fi karyawa da kyakkyawar niyya. A da likitoci da kansu sukan ce a kwanta cikin duhu har sai alamomi sun ɓace. An bar wannan koyarwa. Taron masana buguwar kai da aka yi a Amsterdam a 2022 ya tsaya a kan cewa hutu na kwana ɗaya zuwa biyu ne, tare da rage kallon waya da talabijin, daga nan a fara motsi. Mutumin da ya yi sati uku a kwance, labule a sake, ba rana, ba hira, ba aiki, ko lafiyarsa ƙalau sai ransa ya ɓaci. Kwanciyar na ƙara ƙunci, ƙuncin na ƙara son kwanciya, haka za su yi ta miƙa ka ga juna.

Ka yi tafiya kullum, ko ranka bai so ba. Kada ka jira sai ka ji sha'awa, domin ciwon damuwa sha'awar yake fara kashewa. Motsi ne ke gaba, sha'awa ta biyo baya. Ka fara da minti goma bayan gari ya waye, kafin rana ta yi zafi, a hanya mai shiru. Ka auna ciwon kanka ko jirinka daga sifili zuwa goma kafin ka fita. Idan ya ƙaru da maki ɗaya ko biyu, kuma ya lafa cikin awa guda, ba ka yi wa kanka lahani ba, gobe ka sake fita. Idan ya haura haka, ka tsaya, gobe ka rage. Likitoci a jami'ar Buffalo ta Amurka sun shafe shekaru suna nuna cewa irin wannan motsa jiki da aka auna yana gaggauta warkewa. Duk bayan 'yan kwanaki ka ƙara minti biyu ko uku.

Kada kuma ka yi jarumtar banza. Ranar da ka tashi da ɗan ƙarfi za ka so ka rama duk abin da ya wuce ka: kasuwa, ɗaurin aure, gaisuwar mutuwa, duk a wuni ɗaya. Washegari ka kasa ɗaga kai, ka ce ai ba zan taɓa warkewa ba. Ka raba aiki gunduwa-gunduwa, ka huta kafin gajiya ta kayar da kai.

Kada ka yarda a sake bugun kan nan kafin ya warke. Ba ƙwallo, ba dambe, ba hawa tsani, ba tuƙin babur, sai likita ya sallame ka. Ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba ta fi saurin jin bugu na biyu, kuma saurin ankararka a kan titi ya ragu ko ba ka lura ba. Na san abin da ɗan acaɓa zai ce: in ban fita ba, me iyali za su ci, wa zai biya mai babur balas? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba mai ciwo ne kaɗai zai amsa ta ba. A samu babba ya je ya yi wa mai babur bayani, ko a ba wani amintacce ya ja na 'yan makonni a raba abin da aka samu. Ranar da ka koma kan babur, ka koma da hular kwano a ɗaure. Ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza gaba ɗaya, amma tana raba mutane da yawa da fashewar ƙoƙo da kabari.

Ka tsare barcinka. Lokacin tashi ɗaya kullum, ko daren ya yi maka tsawo. Ƙailula kada ta wuce rabin awa. Shayi mai kauri, kofi, goro da lemon ƙara kuzari, a yi sallama da su tun azahar. Waya ta kwana nesa da matashi.

Kada ka nemi sauƙi a wurin mai kemis. Zan tsaya a nan, domin nan ne ramin da ya fi cin samarinmu. Kana cikin ciwon kai da kasala, sai aboki ya miƙo maka tiramol ya ce zai warware ka. Zai warware ka na awa huɗu. Tiramol na sauƙaƙa wa farfaɗiya hanya, kai kuwa kanka bai daɗe da buguwa ba; idan kuma ya haɗu da maganin damuwa na asibiti yana iya jawo zazzaɓi, karkarwa da ruɗewa masu haɗari. Kodin, da ƙwayoyin barci irin su baliyam da roci, da wiwi, da giya, duk suna danne ƙwaƙwalwar da ke ƙoƙarin miƙewa, su bar ka da ciwo biyu a maimakon ɗaya. Haɗin maganin gajiya da ake ƙulla wa mutum a leda, wanda ba ka san sunan ko ƙwaya ɗaya a ciki ba, kada ya shiga bakinka. Hatta farasitamol ba a mayar da shi abincin kullum: wanda ke shan sa kwana goma sha biyar ko fiye a wata, wata bayan wata, maganin da kansa yakan koma yana haifar masa da ciwon kan. Idan kuma ka riga ka fara shan ɗaya daga cikin waɗannan, ka faɗa wa likita kafin ya rubuta maka komai. Faɗa zai yi maka na minti biyu, amma zai san abin da ba zai haɗa maka ba.

Idan likita ya ɗora ka a kan maganin damuwa, ka sha shi yadda aka ce. Ba ya aiki kamar maganin zazzaɓi. Yakan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin ka ji sauyi, kuma bayan bugun kai likitoci kan fara da kaɗan su riƙa ƙarawa. Tashin zuciya ko rashin natsuwa na kwanakin farko yakan lafa. Idan ya tsananta, ko mugun tunani ya ƙaru, musamman ga matashi, a koma asibiti nan take. Kada ka daina ranar da ka ji daɗi. Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi, sannan a janye a hankali bisa umarnin likita. Kada ka sha na wani, kada ka ba wani naka. Idan akwai masanin halayyar ɗan'adam a asibitin, ka nemi zama da shi. Aikinsa ya koya maka yadda za ka kama tunanin da ke cewa na lalace, ba ni da amfani, ka auna shi da gaskiya, da yadda za ka koma hawa titin da ka faɗi ba tare da zuciyarka ta tsinke ba.

Kada ka yanke babban hukunci a wannan hali. Kada ka saki matarka. Kada ka sayar da gona ko fili, kada ka ajiye aiki, kada ka janye daga makaranta. Bugun kai na rage wa mutum linzamin fushi, damuwa kuma na sa komai ya yi kama da ƙarshen duniya. Gidaje sun watse a kan kalmar da aka furta cikin ciwon da ba a san ciwo ba ne. Idan ka ji zuciya na tafasa, ka tashi ka fita, ka sha ruwa, ka zaga. Ciwon na bayyana dalilin fushinka, amma bai ba ka izinin ɗaga wa kowa hannu ba.

Ka riƙe addu'a da ibada, ka kusanci malaminka ko fastonka, amma kada kowa ya sa ka zaɓi tsakanin addu'a da asibiti. Duk wanda ya ce ka zubar da magani domin sammu ne ko iska, ka bar wurinsa. Ba a dukan mai raunin kai da sunan fitar da aljani, ba a turniƙe shi da hayaƙi.

Ke kuma, 'yar'uwa, duk abin da aka faɗa ya shafe ki, har da ƙari. Mata kan fi daɗewa da alamomin nan, ga shi ba a ɗauke musu girki da raino don sun bugu a ka. Ki nemi wadda za ta karɓe ki na 'yan makonni, ba raki ba ne. Idan kuma ba faɗuwa kika yi ba, hannun wani ne a cikin gida, kada ki ce wa likita ƙofa ce ta buge ki. Ki faɗa masa, ki faɗa wa wani babba naki da kika amince da shi. Kan da ake bugu a kai a kai ba ya samun damar warkewa.

Gare ku, mutanen gida

Kada ku ce masa rashin tawakkali ne. Kada ku ce ya gode wa Allah, wane ma da suka yi haɗarin tare yana kabari. Ya sani, kuma wannan sanin na cikin abin da ke cin sa da dare. Kada ku ce son jiki ne, ko ai hoto ya nuna ba komai. Kowace irin wannan magana ƙofa ce kuke rufewa, gobe ba zai sake gaya muku ba.

Ku rage masa hayaniya, amma kada ku ware shi. Mutum ɗaya ko biyu su zauna da shi, ko ba a ce komai ba. Majalisa mai mutum goma da rediyo ta fi ƙarfinsa yanzu. Aboki ɗaya da zai zo ya ce taso mu taka zuwa masallaci ya fi masa amfani. Kada ku tambaye shi me kake so, ba zai iya amsawa ba. Ku ce, gobe ƙarfe bakwai zan zo mu je asibiti, sannan ku zo. Ku bar masa ɗan aikin da zai iya, ko ban ruwan dabbobi ne, ko raka yara makaranta. Mutumin da aka karɓe wa komai yakan gaskata cewa ba shi da amfani.

Kada ku ɗaure shi, kada ku kai shi gidan mari. Duk mun ga waɗanda aka fito da su daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a 2019, da sarƙa a ƙafa da tabo a baya. Tun Janairun 2023 Najeriya na da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, kuma ta ba mai irin wannan lalura haƙƙin a yi masa jinya cikin mutunci.

Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Na san nauyin wannan a baki, na san za a ce kada a yi masa mugun fata. Tambayar ba ta shuka tunanin. Wanda yake ɗauke da shi yakan ji an sauke masa dutse. Wani babban bincike a ƙasar Denmak, da aka wallafa a 2018, ya nuna cewa haɗarin kashe kai ya kusan ninkawa ga waɗanda suka taɓa samun raunin ƙwaƙwalwa, har da mai sauƙi, kuma ya fi tsanani a wata shida na farko. Mutumin da ya taso da sanin girman zunubin abin ba zai furta shi a fili ba. Zai ce na gaji da duniya, ko gara a ce ban tashi daga haɗarin nan ba, ko na zame muku kaya. Zai fara neman yafiya ba dalili, ko rarraba kayansa. Idan kun ji haka, kada ku yi masa wa'azi, kada ku yi masa tsawa, kada ku yi alkawarin rufa asiri. Ku kwashe magunguna, da fiya-fiya da sauran maganin ƙwari na gona, da duk wani makami, ku fitar da su daga gidan. Maganinsa na asibiti ya koma hannun mutum ɗaya da zai riƙa ba shi na kowace rana. Wani ya kwana tare da shi, kuma a kai shi asibiti a ranar, ba sai an jira ranar da aka rubuta masa a kati ba.